Ɗakin Baƙon Birni

Surukina ya rasu a tsakiyar zafi, a gidansa na unguwar Sa'alaba a Jidda, kuma tun da nake ban taɓa jin an yabi mutum kamar yadda aka yabe shi a zaman makokinsa ba. An jera kujerun haya a lungu, an jawo ƙwayayen lantarki daga gidan maƙwabta yadda mutanen Jidda ke yi, ana ta zuba gahawa. Mu mata muna tsakar gida a kan tabarmi, amma katangar gajera ce, duk abin da maza suka faɗa yana iske mu. Limamin lungu ya ce Baba mutum ne mai karɓar baƙi, wanda ya ware ɗaki mafi kyau a gidansa saboda baƙin Allah, shi kuwa yana kwana a rumfa. Mai tsiren bakin titi, wanda suka yi tafiyar ƙasa tare tun daga Sudan, ya fashe da kuka har sai da aka riƙe shi. Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni ta goge baki da gefen mayafi, ta ce a hankali Allah dai ya jiƙan mai tari. Ba Baba take nufi ba, 'yarsa take nufi, yayar mijina, wadda duk gidan muke kira Yaya, wadda ta riga shi tafiya da 'yan shekaru. 'Yar Yaya tilo tana zagayawa da butar shayi.

Ni matar ɗansa ce. An kawo ni gidan nan ina amarya daga Sudan, a cikinsa na haifi 'ya'yana duka. Liman bai yi ƙarya ba, akwai ɗakin. Abin da bai faɗa ba shi nake so in rubuta, don kada 'ya'yana, da Larabci ya fi zama a bakinsu, su girma da rabin labarin kakansu, kuma don kada a manta da gwaggonsu gaba ɗaya.

Zan fara da alherinsa, kada a ce suruka ce ke ramuwa. Da na sauka daga jirgin ruwa cikina ya ƙi komai, shinkafar Jidda kuwa ko warinta ba na son ji. Baba bai ce mini sannu ba, don ba ya cikin kalmominsa. Sai dai ya fita da sandarsa, ya yi ta bin alhazai har ya samo tsamiya da daddawa da garin kuka, ya zube su a ƙofar rumfata ya ce wa ɗansa a yi wa yarinyar nan abincin mutane. Da wannan miyar na tashi. Har ya mutu, duk shekara in alhazai sun zo, sai na tarar da ƙullin daddawa a ƙofata, kuma in na yi godiya sai ya kau da kai kamar na zage shi.

Dillali ne. Alhazan da suka zo da goro ko fata ko zannuwan saƙi don su sayar su yi guzuri, shi yake nemo musu mai saye. Larabcinsa bai wuce na salla da na ciniki ba, kuma bai taɓa jin kunyar haka ba. In ya dawo yakan hau dogon bencin igiya da ke ƙofar gida, carbi a hannu, mabuɗi rataye a wuya da zaren fata, ya fara labarin Birni. Haka kawai yake kiran garinsu na ƙasar Hausa, Birni, sai ka ce Allah bai halicci wani ba. Mahaifinsa ne fatoman garin, wato mai masaukin fatake. Ayari kan sauka a zangonsa da jakuna da raƙuma, a ba su ɗaki da ruwa da tuwo kyauta, shi kuma ya sayar musu da kayansu ya ci la'ada. In Baba ya kai ga marina sai ya ɗaga hannu, ya ce ramukan rini sun yi yawan da in an shanya zannuwa, tsuntsu ma sai ya zaci dare ne.

Daga nan sai mutuwar garin, kuma kowace rana da wanda ya kashe shi. Yau jirgin ƙasa ne, da Turawa suka shimfiɗa masa dogo ta wani wajen, kaya suka daina bin hanyar jakuna suka koma bin hanyar teku. Gobe haraji ne, da Bature ya ce ba ya karɓar wuri sai kuɗinsa na ƙarfe, masu buhunan wuri suka wayi gari da tarin tsakuwa, samari suka bazu neman aikin da ake biya da sule. Jibi yadin kanti ne ya rufe marina. Wata rana kuma ya ce hakimi ne, da aka ɗauke shi aka mayar da shi kusa da tasha, alƙali da kasuwa suka bi shi. Har zaman lafiya ma ya sha zagi, don da aka daina hari manoma suka ga ba su da bukatar ganuwa, kowa ya koma ya zauna a gonarsa. Mijina mutum ne mai tsokana, in ya dawo daga aikin dako a tashar jiragen ruwa yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, “To Baba, yau wa ya kashe Birni?” Baba ya kai masa sanda, mu yi ta dariya.

Gidanmu rumfuna ne na kwano da katakon akwati, irin waɗanda a nan ake kira sandaƙa. Ɗaki ɗaya ne kaɗai na bulo, mai rufin siminti, da taga mai duban arewa inda iska ke fitowa. A ciki akwai gado da buzu da buta, da wani baƙin akushi da Baba ya ɗauko tun daga gida ya ratsa Barno da Wadai da Sudan da shi. Ba mai kwana a ɗakin. Duk Juma'a yakan buɗe mini in share, yana tsaye a kaina, in na gama ya kulle. Da Birni ya watse Baba zai taho gabas, mahaifinsa da ke kwance ya ce masa duk inda ya zauna ya ajiye ɗaki don mutumin Birni, kada a ce gidan fatoma ya rasa masauki. Shi ya sa duk lokacin aikin hajji Baba ke wuni a masaukin alhazai yana leƙa fuskokin mutane. Ba ya tambayar sunan gari, tsaga yake dubawa: dogayen zane biyu daga kunne zuwa haɓa, irin na fuskarsa. Ya ga ta Gobir, ya ga ta Katsina, ya ga ta Barebari, ta Birni ce dai ba ta zo ba.

Ana nan mijin Yaya ya rasu, ta dawo gida da 'yarta da wani tari da ya kama mata ƙirji. Aka ba ta rumfar da ke jikin madafa. Wanda bai kwana a ƙarƙashin kwano a Jidda ba ba zai gane ba. Da rana kwanon yana gasa mutum, in gari ya yi laima kuma iska ta tsaya, numfashin mai lafiya ma da ƙyar yake fita, balle na mai ciwon ƙirji da hayaƙin murhu ke shiga wa ta jikin katako. Yaya takan soya gyaɗa ta kai ƙofar makaranta ta sayar, har ƙarfinta ya kasa, na karɓi tiren. Likitan da mijina ya kai ta wurinsa ya ba da magani, ya ce amma sai an sama mata ɗaki mai iska nesa da hayaƙi.

Mijina ya je ya durƙusa gaban Baba. Ya fara da lallashi, ya zo ga rantsuwa, har ya ce ai Yaya ma tsagar Birni ce a fuskarta, tunda Baban da kansa ya sa wanzami ya yi mata a Sudan. Baba ya ce 'yar gida ba baƙuwa ba ce. Ni da bai kamata suruka ta sa baki ba na leƙo daga madafa na ce mutanen da yake jira ƙila duk sun zama ƙasa, ga mai rai nan tana tari a gabansa. Ya yi wata bai amsa gaisuwata ba. Amma ranar ya faɗi magana ɗaya a gaban liman, wadda muka riƙe da hannu biyu.

“Ranar da mutumin Birni ya kwana a ɗakin nan, na sauke wasiyya. Da safe ta shiga, ɗakin nata ne.”

Daga nan Yaya ta shiga jiran baƙo fiye da mahaifinta. Alhazai na fara sauka take aiken 'yarta ta ga ko Baba ya fita. Ita da ba ta taɓa ganin Birni ba, ita ke tashi tana roƙon Allah ya kawo ko mutum ɗaya daga cikinsa. Takan ce mini ba gadon take so ba, tagar take so.

A shekarar da ciwonta ya yi tsanani, wata ranar da hantsi, muka ji muryar Baba tun daga bakin lungu yana kiran a kawo ruwa, a kama rago. Yana riƙe da hannun wani dattijo kakkaura mai farar riga, ɗan kasuwar gyaɗa da ya zo ta jirgin sama, ga dogayen zane biyu a kowane kunci. Ban taɓa ganin haƙoran Baba a waje ba sai ranar. Idonsa ya riga ya yi yana a lokacin, sai abu ya zo kusa yake gani, amma wannan tsagar ko daga nesa ya gane ta. Ya cire mabuɗin daga wuyansa, ya zaunar da baƙon a kan buzu, yana ta kiransa ɗan'uwa. Ya ce in yi tuwo da miyar kuka, in zuba a baƙin akushin. Yaya ta lallaɓo ta zauna a bakin rumfarta tana tsince mini daddawa, ta ce wa 'yarta ta fara naɗe musu kaya.

Na kai abincin bayan azahar na tsaya a bakin ƙofa da ruwan wanke hannu, shi ya sa na ga komai. Suka sa hannu a akushi ɗaya. Baba yana tambaya, baƙon yana amsawa a taƙaice. Ganuwa? Ta zube. Masallacin Juma'a? Kukoki ne suka rage a wurin. Marina? Ramukan sun cika da ƙasa, Fulani ke kiwo a kai. Sai hasken tagar ya sauka a fuskar baƙon, daidai lokacin da ya kai loma baki. Baba ya tsaya da tauna. Ya matso, ya miƙa yatsa ya taɓa wani ɗan gajeren zane a kusurwar bakin mutumin, wanda gashin baki ya kusa rufewa.

“Wannan fa?”

“Ta gidanku ce, Alhaji,” in ji baƙon. “Tun da ka faɗi sunan babanka a masauki na san inda za ka kawo ni.”

Ni ban gane ba a lokacin, sai da ya ci gaba. Bai ɗaga murya ba, bai kuma cire hannunsa daga akushin ba. Ya ce iyayensa bayin fatoma ne, a rinjinsa na bayan ganuwa suke, wato ƙauyen bayi masu noma. Shekarar da Bature ya yi shela cewa duk ɗan da aka haifa daga yanzu ɗa ne ba bawa ba, ba su yi niyyar zuwa ko'ina ba, don ba su san inda za su ba. Fatoma ne ya ji tsoron ranar da yaran za su girma su ɓace cikin mutane, ya kira wanzami ya sa aka ƙara wa kowane jaririn rinji wannan zane a baki, don duk inda suka je a san na wane ne. Iyaye mata suka haɗiye baƙin cikinsu, suka bari aka yi girbi, sannan rinjin ya tashi gaba ɗaya. Sauran rinjojin garin da suka ga ba a iya dawo da su ba, su ma suka bi. Aka rasa mai jan ruwa wa jakunan ayari, aka rasa mai yanko ganyen shuni, aka rasa mai ɗaukar ƙasar gyaran ganuwa. Fatake suka zo sau ɗaya suka tarar ba ruwa ba tuwo, suka canza zango.

“Lokacin da aka shimfiɗa dogo, rijiyoyinku sun riga sun rufta,” ya ce. “Zangon babanka ni nake noma shi yanzu, gyaɗa na yi sosai a wurin. Inna ta ce ranar da aka tsaga ni, babban ɗan gidan ne ya riƙe mini ƙafafu.”

Ni ban san Birni ba, ba zan raba musu gardama ba. Na yarda jirgin ƙasa da haraji da yadin kanti duk sun sa hannu. Amma na yi shekaru ina jin jerin masu laifi daga bakin Baba, ko sau ɗaya rinji bai fito a ciki ba.

Baba ya janye akushin. Ya ce wa baƙon ya tashi daga kan buzun. Mutumin ya wanke hannu a ruwan da nake riƙe da shi, ya yi mini godiya, ya ce tuwon ya yi daɗi. Da ya fito tsakar gida ya ji tarin Yaya, ya dube ta, ya dubi ɗakin, ya ce shi ba kwana ya kawo shi ba, yana da masaukinsa, amma a taimaka a mayar da baiwar Allah nan inda akwai iska, kuma in an yarda zai kai ta asibiti kafin ya wuce Makka. Baba ya ce gidan fatoma bai lalace har ya karɓi sadakar rinji ba.

A nan Yaya ta yi abin da har yau ban manta ba. Ta rarrafo daga bakin rumfa, a gaban baƙo, ta kama ƙafar mahaifinta.

“Baba, bar shi ya kwana. Daren yau kaɗai. Ai mutumin Birni ne, can aka haife shi.”

“Bawa ba baƙo ba ne,” in ji Baba. “Halas.”

Wannan kalma, wato magana ta ƙare, ita ce kaɗai kalmar Larabci da na taɓa jin ya yi wa 'ya'yansa magana da ita. Baƙon ya sa takalmansa ya fita. Na daɗe ina jin haushinsa shi ma, don ya san abin da ya zo yi, ya zo ne ya ci tuwo a akushin gidan da aka tsaga shi, ya ci kuma ya tafi ya bar mu da sauran. Amma bai san da alkawarin ɗakin ba, kuma ko ya sani, ba shi ne mai mabuɗi ba. Kafin la'asar Baba ya fasa akushin da gatari ya tura a murhu. Ya sa ni na wanke daɓen da ruwa da yashi, ya kulle, ya mayar da zaren a wuyansa. 'Yar Yaya ta kwance kayan da ta naɗe.

Yaya ba ta ga hajjin gaba ba. Ta rasu da tsakar rana a ƙarƙashin kwanon, ina yi mata fifita da murfin kwali. Masu gaisuwa da suka zo, Baba ya gaya musu laimar teku ce ta kashe ta, ƙasar nan ba ta karɓi jininsu ba. Mijina yana zaune a gefensa, bai ɗago kai ba. Daga ranar bai ƙara tambayarsa wa ya kashe Birni ba.

Baba ya daina zuwa masaukin alhazai, amma bai cire mabuɗin ba, kuma bai fasa labarinsa a kan benci ba, jirgin ƙasa yau, haraji gobe. Daddawa ma ba ta daina zuwa ƙofata ba, mai tsire yake aika ya sayo. A ciwonsa na ajali ni na yi jinyarsa, don ba wata mace a gidan da za ta yi. 'Yar Yaya, wadda ta zama budurwa a lokacin, tun rasuwar uwarta ta daina yi masa magana, ta ma daina Hausa gaba ɗaya, ko da ni sai Larabci. Wata rana ina ba shi kunu ya damƙe wuyan hannuna da hannayensa biyu, da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba, ya ce, “Ya yi ta harbi.” Na gane jaririn nan yake nufi, wanda ya riƙe wa ƙafafu yana yaro. Na jira ko zai ƙara wani abu, ko ya kira sunan 'yarsa. Ya sake ni, ya nemi a ƙara masa sukari.

Ya cika bayan magariba. Baƙon ƙasa ba a binne shi sai da takarda, takardar kuma ba ta samuwa sai gari ya waye, ga shi rumfa ba ta ajiye gawa a wannan zafin. Mijina ya zare zaren daga wuyansa ya buɗe ɗakin. Aka shimfiɗa shi a gadon da ba wanda ya taɓa hawa, aka jera ƙanƙara a gefensa, aka buɗe taga. Haka mutumin Birni ya kwana a ɗakin, wasiyya ta sauka.

Da aka yi sadakar uku aka kwashe kujeru, mijina ya kira 'yar Yaya ya sa mata mabuɗin a hannu, ya ce alkawarin uwarta ne. Na bi ta a baya. Ba ta dubi gadon ba, ta wuce kai tsaye ta tsaya a gaban tagar, iska tana ɗaga gefen mayafinta. Sannan ta yi mini magana da Hausar da ta ajiye tun ranar da aka fita da uwarta, in ban da Khala da take kirana, wato inna da Larabci.

“Khala, ashe akwai iska a gidan nan.”

Allah ya jiƙan Yaya, ya sanyaya mata makwanci. Shi kuma Baba, na ci daddawarsa, ya riƙe sunan 'ya'yana a addu'arsa, ba zan hana shi tawa ba. Ina roƙa masa gafara da bakina bayan kowace salla, zuciyar ce dai har yanzu ba ta ce amin ba.